Taɓo da Fure: Shin Asali Ne Ke Yanke Wa Mutum Hukunci?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Rano zuwa Kibiya a cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da damina ta yi nisa, in dai ya yi sammako, ba zai rasa ganin bado ya rufe fuskar wani kududdufi ko tafki ba. Ganyensa faffaɗa yana kwance a kan ruwa kamar an jera faya-fayi, furensa kuwa fari fat, ya buɗe tun cikin dare, yana jiran hantsi ya yi ya rufe. Mu da muka tashi a wannan yanki mun san bado tun muna yara, amma a matsayin abin ci muka san shi. Yaro ya tuɓe riga ya faɗa ruwa, ya tsinko 'ya'yan, ya ɓare, ya watsa ƙwayoyin nan masu kama da gero a baki. Da wuya ka ji wani ya tsaya ya ce, kai, dubi kyan furen nan.

To, a can gabashin duniya akwai wata ƙasa da ake kira Biyetnam, wadda mutanenta suka ɗauki ɗan'uwan wannan tsiro suka mayar da shi madubin da suke duba halin ɗan Adam a ciki. Masu zanensu sun shafe kusan shekara ɗari suna zana shi da fenti. Dalilinsu kuwa shi ne, tsiro ne da ke fitowa daga cikin taɓo mai wari, amma furensa ya fito tsaf, ba ɗigon datti, ga kuma ƙamshi. Wannan shi ya jawo tambayar da muke so mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa: shin inda mutum ya fito shi ke yanke masa hukuncin abin da zai zama? In kuwa ba haka ba ne, mene ne hakkin taɓon a kan furen, kuma mene ne hakkinsa a kanmu?

Bado Biyu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance tsakanin tsirran nan biyu, domin kada mu yi wa mai karatu rufa-ido. Badonmu na gida ganyensa a kan ruwa yake kwanciya, farin furensa kuma da dare yake buɗewa. Wanda ake samu a Biyetnam da Indiya da Sin, wanda mutanen Biyetnam ke kira "sen", ganyensa da furensa miƙewa suke yi sama, su bar ruwa a ƙasa, wani lokaci har su kai tsayin ƙugun mutum ko fiye, furen kuma yawanci ja-ja ne mai haske ko fari, da safe yake buɗewa. Masana tsirrai sun ce ba dangi ɗaya ba ne na kusa. Amma sun yi tarayya a abu guda, wato dukkansu saiwarsu na cikin taɓo, furensu na kallon sama.

Wannan fure ya daɗe a zukatan mutanen Biyetnam. A shekarar 1049 wani sarkinsu mai suna Ly Thai Tong ya sa aka gina wani ɗan ɗakin ibada na mabiya addinin Buda a kan ginshiƙi ɗaya tak a tsakiyar ruwa, a birnin da yau ake kira Hanoi, domin ya yi kama da fure a kan karansa. Har kamfanin jiragen samansu ma, tun daga 2002, wannan fure ya ɗauka ya zama tambarinsa. Zanen fentin mai kuwa, wato launin da ake kwaɓawa da mai a shafa da buroshi a kan ƙyalle mai kauri, baƙo ne a wurinsu. Turawan Faransa da suka mulke su ne suka kawo shi. A 1925 aka buɗe makarantar koyon zane a Hanoi a ƙarƙashin wani Bafaranshe, Victor Tardieu, tare da wani ɗan ƙasa, Nguyen Nam Son. Ɗaliban suka koyi aikin Bature, amma da suka tashi zane sai suka juya ga abin da ke bayan gidajensu. Ɗaya daga cikinsu, To Ngoc Van, ya zana wata budurwa tare da wannan fure a 1944. Wani kuma, Nguyen Sang, ya sake ɗaukar wannan jigo a 1972, shekarar da jiragen yaƙin Amurka suka yi wa Hanoi ruwan bama-bamai a watan Disamba.

Mu lura da wannan. Mutanen da yaƙi da mulkin mallaka suka tattake, sai suka zaɓi tsiron da ke fitowa daga taɓo ya zama shi ne hotonsu. Suna gaya wa kansu ne cewa halin da aka jefa su ciki bai isa ya zama halinsu ba.

Abin da Bahaushe Ya Ce

Idan muka dawo gida, za mu tarar Bahaushe ya yi magana biyu a kan wannan batu, kuma maganganun suna karo da juna. A gefe guda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ya kuma ce hali zanen dutse. A ɗaya gefen kuma shi ne dai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wato ya ga ɗan da ya biyo uba, ya kuma ga wanda ya saɓa. Sai dai abin lura a nan shi ne, galibi idan aka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ana nufin ɗan mutumin kirki ne ya lalace. Mun tanadi karin magana domin lalacewar ɗan gidan mutunci, amma mun yi ƙarancin wadda za mu yabi ɗan da ya fito daga gidan da muka raina, ya kuma zama mutum. A nan ne bado zai yi mana amfani.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta fatar baki kawai. Akwai rayuwar mutane a cikinta. Har gobe a garuruwanmu, idan saurayi ya je neman aure, bayan an gama binciken halinsa da sana'arsa da sallarsa, an tarar ba inda ya gaza, sai wata gwaggo ta ja uwar yarinya gefe ta ce, "Yaya, kin kuwa san kakansa? Ai mahauta ne." Ko a ce wanzamai ne, ko maroƙa, ko a rage murya a ce ai asalinsu bayi ne. Shi ke nan, sai magana ta ruguje. Naman da mahaucin ya yanka da shi aka yi girkin sunan yarinyar, wanzamin shi ya yi mata askin suna, amma jikansu bai isa ya shigo gidan ba. A makaranta ma, mu da muke riƙe da alli mun sani, akan yi wa yaro hukunci tun kafin ya buɗe baki: wannan ɗan gidan wane ne, ba zai yi karatu ba, wancan uwarsa ta yi zaman kanta, me za a tsinta a wurinsa? Yaro kuwa yana ji, kuma sau da yawa yakan zama abin da aka ce zai zama, domin ya ga ba wanda ke tsammanin wani abu dabam daga gare shi.

Addininmu bai goyi bayan wannan hukunci ba. Mun karanta cewa ɗan Annabi Nuhu, alaihis salam, ya halaka a cikin ɗufana alhali ubansa ne ke tuƙa jirgin tsira. Annabi Ibrahim kuwa daga gidan masu sassaƙa gumaka ya fito. Matar Fir'auna ta zauna a tsakiyar fadar zalunci, imaninta bai gurɓace ba. Bilal bawa ne baƙar fata, shi aka zaɓa ya kira salla. Suratul Hujurat kuma ta sanya tsoron Allah ne ma'aunin ɗaukaka, ba ƙabila ko dangi ba. Duk wannan mun haddace shi, muna kuma faɗarsa a kan mumbari, amma ranar da aka zo neman auren 'yarmu sai mu ajiye shi mu ɗauko ma'aunin kaka da kakanni.

Sirrin Ganye

Akwai wani abu da binciken kimiyya ya gano game da badon Asiya wanda ya dace da zancenmu. A 1997 wasu masana tsirrai biyu na ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, suka bayyana dalilin da ya sa ganyensa ba ya riƙe datti. Da aka duba shi da na'urar ƙara girman abu, sai aka ga ashe ba sumul yake ba. Cike yake da 'yan ƙananan ƙuraje waɗanda ido ba ya gani, an kuma lulluɓe su da wani abu mai kama da kakin zuma. Saboda haka idan ruwa ya zuba a kai, ba ya samun wurin kamawa, sai ya dunƙule ya gangara, ya kwashe ƙurar da ya tarar ya tafi da ita.

Darasi biyu muke gani a nan. Na farko, ƙura tana sauka a kan wannan ganye kamar yadda take sauka a kan kowane ganye. Bambancin kawai shi ne ba ta zama. Ashe tsarkin hali ba ya nufin mutum bai taɓa haɗuwa da ɓarna ba. Wanda ba a taɓa ba shi ajiyar kuɗin jama'a ba, ba mu da hujjar kiran sa amintacce tukuna, domin ba a gwada shi ba. Amintacce shi ne akawun da ya zauna shekara ashirin a ofishin da kowa ke cin hanci, aka miƙo masa, ya mayar, aka yi masa dariya, ya yi ritaya a kan kekensa. Na biyu, ganyen ba shi kaɗai ke wanke kansa ba, sai ruwan sama ya sauko. Haka ɗan Adam. Ko da an halicce shi da kyakkyawar ɗabi'a, yana bukatar wanda zai zubo masa ruwa: uwa mai tsawatarwa, malamin allo mai haƙuri, maƙwabcin da zai kira shi ya ce, "Zo nan, ɗana, abin da ka yi jiya bai dace da kai ba." Babu furen da ya tsarkaka shi kaɗai.

Inda Misalin Ke da Haɗari

Amma fa kada daɗin misali ya ɗauke mu. Akwai hanyoyi biyu da za a iya amfani da wannan hoto na taɓo da fure a cuci mutane da shi.

Hanya ta farko ita ce a yabi fure domin a manta da gyaran kududdufi. Idan ɗan talaka guda ya fito daga ƙauyen da ajinsu ba rufi ba benci, ya zama likita, sai ka ji manya suna cewa, kun gani ko, ai talauci ba ya hana karatu, sauran dai lalaci ne ya hana su. Wannan magana zalunci ce da aka yi wa ado. Kududdufin da ke fid da bado shi ne kuma ke ƙyanƙyashe sauro, shi ne maɓoyar ƙananan dodon-koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, kuma shi ne ke cin yaro a tsakiyar damina. A kan kowane yaro guda da ya tsallake, akwai da yawa da suka nutse ba wanda ya rubuta sunansu. Fitowar mutum guda hujja ce a kan cewa sauran ma za su iya da an ba su dama, saboda haka nauyi ne ya ƙaru a kanmu, ba sauƙi muka samu ba.

Hanya ta biyu ita ce furen da kansa ya raina taɓon. Mun san irinsu. Yaro ya tashi a gidan ƙasa, uwarsa ta sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa ta biya masa kuɗin jarrabawa, ubansa ya sayar da ɗan akuya ya yi masa kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya. Ya yi karatu, ya sami aiki, sai ya zama idan tsohon ya zo ofis da buhun gero a ka, a ce da shi ya jira a wurin maigadi. Wannan yaro bai fahimci bado ba. Taɓon da ake ganin ƙazanta ne, shi ne abincin tsiron. Daga cikinsa saiwa ke tsotso abin da ke zama farin fure. Masu zane da yawa sukan zana wannan fure an yanko shi an sa a cikin tulun tangaran a kan tebur, kuma yakan yi kyau ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa tsinko bado ya san kafin ya kai gida ya fara langaɓewa.

Mu ma tambayi kanmu, shi kududdufin daga ina ya samo asali? Rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasa aka yi tubali, aka gina ɗakuna da zauruka da masallatai da ganuwa. Wato kowane kududdufi a Rano ko Kibiya shaida ce ta wani gini da ke tsaye. Wurin da muke toshe hanci idan mun zo wucewa, daga nan ɗakin da aka haife mu ya fito. Haka kuma masu sana'o'in da muke rainawa. Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini. Marini hannunsa baƙi ƙirin yake, karofi kuma ba wurin ƙamshi ba ne, amma daga nan rawanin da ke kan sarki ya fito yana walƙiya. Wanda ya sa rawanin ya raina hannun, bai san tarihin abin da ke kansa ba.

Kyau a Lokacin Yunwa

Wani zai ce, Malam, mu da muke fama da abin da za mu sa a baki, ina ruwanmu da kallon fure? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu kaɗai ta shafa ba. Dattawa sun ba da labarin cewa a shekarun yunwa, irin ta 1914 da farin 1973, bado na cikin abubuwan da talaka ya nema ya ci ya rayu, da 'ya'yansa da saiwarsa. Su ma mutanen Biyetnam, watanni kaɗan bayan To Ngoc Van ya gama zanen nan nasa, yunwa ta auka wa arewacin ƙasarsu daga ƙarshen 1944 zuwa 1945, ta kashe mutanen da ƙiyasi ya kama daga dubu 400 zuwa miliyan 2. Shi kansa mai zanen daga baya ya bar birni ya bi masu yaƙin neman 'yanci, ya shugabanci makarantar zanensu a cikin daji, ya koma zana manoma da sojoji, har aka kashe shi a 1954 a kan hanyar fagen yaƙin Dien Bien Phu.

Duk da haka ba su daina zana furen ba, ba su kuma daina cin sa ba. Suna dafa saiwarsa, suna cin ƙwayarsa, suna naɗe shinkafa a ganyensa, suna ƙamsasa ganyen shayi da furensa. A wurinsu ciki da ido ba kishiyoyi ba ne. Mu ne muka tsaya a rabi: muka ci, ba mu duba ba. Alhali kuwa mutumin da ya saba ganin abu ta fuskar amfaninsa kaɗai, wata rana haka zai dubi mutane. Zai ga almajiri ya ga mai wanke-wanke, ya ga ɗan ƙauye ya ga ƙuri'a. Koyon ganin kyau a wurin da aka raina horo ne na zuciya, kuma shi ne matakin farko na adalci.

Gare Mu Marubuta

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu. Ɗaliban Hanoi sun ari buroshin Bafaranshe suka zana tafkinsu. Ɗaliban zane na Zariya ma, da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke, abin da suka yi kira gare shi ke nan, a ɗauki dabarar baƙo a yi aikin gida da ita. Mu ma boko aro muka yi, kuma ba laifi. Abin tambaya shi ne me muke zanawa da shi.

Tun a shekarun 1990, lokacin da aka yi ta muhawara a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, ake ƙorafin cewa labaranmu sun cika son gidan bene da mota da lambun furannin da ba a taɓa gani a ƙauyukanmu ba. Ba muna cewa a daina rubuta soyayya ba ne. Muna cewa ne soyayya tana faruwa a bakin rijiya a Tarai, tana faruwa a gindin duwatsun Rurum, da cikin kwalekwalen masunta a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Sannan mu binciki alƙalaminmu: sau nawa muka sa ɗan mahauci ya zama jarumin labari ba abin dariya ba? Sau nawa muka rubuta yarinyar kirki, sannan a babin ƙarshe muka gano wai ashe 'yar sarki ce da aka sace tana jaririya, kamar dai ba zai yiwu talaka ya haifi mai hali ba? Duk marubucin da ya yi haka ya sa hannu a kan hukuncin gwaggon nan da muka ambata, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma idan za mu zana fure, mu zana shi da taɓonsa. Kada mu ɓoye warin, kada kuma mu ɓoye cewa daga nan abincin ke fitowa. Mai karatu ya ga sauron, ya ga tsohuwar da ke daka daddawa, ya ga yaron da ya tsallake da waɗanda ba su tsallake ba.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ita ce, asali yana da tasiri, amma ba alƙali ba ne. Yana ba mutum wurin tsayawa da abin tsotsa, mai daɗi ko mai ɗaci, sauran kuma ya rage ga tarbiyya da zaɓin mutum da taimakon Allah. Wanda ya fito tsaf daga wuri mai wuya ya cancanci yabo, amma bashi biyu na kansa: kada ya raina inda ya fito, kuma ya waiwaya ya miƙa wa na baya hannu. Mu kuma da ke tsaye a bakin ruwa, namu shi ne mu daina yanke hukunci tun fure bai fito ba.

A 1995 masana sun ba da rahoton cewa wata ƙwayar badon Asiya da aka tono daga busasshen tafki a arewa maso gabashin ƙasar Sin ta tsiro bayan ta shafe kimanin shekara 1,300 a binne. Namu na gida ma, idan rani ya yi tsanani kududdufi ya ƙafe ƙasa ta tsattsage, wanda ya zo wucewa zai rantse ba sauran rai a wurin. Amma yana nan a ƙasa yana jiran ruwa. Akwai yara da yawa a azuzuwanmu da tsangayunmu da tashoshin motarmu waɗanda haka suke. Allah Ya sa mu zama ruwan da za su tsiro da shi, Ya kuma tsare alƙalumanmu daga raina abin da Ya halitta. Amin.